Makullin Goggo

Kafin shagunan layin su buɗe, Goggo ta riga ta iso cibiyar koyon ɗinki, jaka a hammata, tana jan ƙafar nan tata mai ciwon gwiwa. Sai ta share bakin ƙofa, ta zauna a benci, ta jira a zo a buɗe mata. Shekara da shekaru haka take yi, domin ita da ake wa laƙabi da Mai Makulli ba ita ke buɗe ƙofa ba. Duk wanda ya shigo ƙungiyar a sabo shi take damƙa wa makullin, ko da jiya aka sallamo shi daga gidan yari, ko bai daɗe da barin shaye-shaye ba.

Ƙungiyar ta unguwa ce, tana koya ɗinki ga mutanen da kowa ke gudu, kuma Goggo ce ta kafa ta da kekunan ɗinki na aro. A makon nan take ajiye aiki, a makon nan kuma aka sauke sababbin kekuna fil a cikin kwalayensu. Ni dai bakina ya ƙi rufuwa, dole in ba ku labarin yadda aka yi.

Bara masu kekunan aro suka ce suna son kayansu. Ƙungiyar ta nemi tallafi a wata gidauniya, kowa kuma ya san in bai samu ba cibiyar ta rufe ke nan. Gidauniyar ta ce za ta turo jami'arta ta gani da idonta. A lokacin makullin yana hannun Dogo, wanda bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba.

Ma'ajin ƙungiyar, mutumin kirki amma mai saurin firgita, ya ja Goggo gefe. "Goggo, don Allah ki karɓe makullin nan na kwana ɗaya tak. Baƙuwa na tafiya ki mayar masa."

Ta ce, "Ɗan nan, in na karɓa yau, gobe ko na mayar masa ƙarfe kawai na ba shi."

Ranar ta zo, jami'a ta sauka daga mota, ƙofa a garƙame, babu Dogo babu labarinsa. Masu koyo suka yi cirko-cirko a rana, aka fara ƙus-ƙus ana cewa ai dama an faɗa. Ma'aji ya jiƙe sharkaf da gumi, ya sunkuya kusa da kunnen Goggo. "Na san akwai makullin ajiya a jakarki. Ki rufa mana asiri."

Goggo ta faɗa mini daga baya cewa ita ma har hannunta ya kai bakin jakar. Amma ta janye shi, ta matsa wa baƙuwar a benci, ta miƙa mata ruwa. "Zauna, 'yata. Mai makulli yana hanya."

Can sai ga Dogo a guje yana haki, cikin wata farar riga, gefe ɗaya a goge sumul, ɗaya gefen kamar an tauna. Ya durƙusa. "Goggo, ki yafe ni. Rigar maƙwabci na ara don kada in ba ki kunya gaban baƙi. Ina cikin guga wuta ta ɗauke, na tsaya jiranta."

Goggo ta ƙare masa kallo, ta ce, "To ai rabi ya yi kyau. Ka riƙa juya wa baƙuwa wannan ɓangaren. Tashi ka buɗe mana."

Dariya ta ɓarke, har da jami'ar. Da aka shiga, ta tarar da kaya cif, almakashi da zare kowanne a mazauninsa. Ta tambayi Dogo yadda aka yi makulli ya zo hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, a gidanmu in na shigo kulle ɗakuna ake yi. A nan kuma ni nake buɗewa."

Jami'ar ta daɗe tana kallon makullin. Ba a jima ba aka amince da tallafin, na kekuna, da kuɗin haya, har da allon hawa na masu keken guragu. Ranar da labari ya iso, ma'aji da kansa aka gani yana taka rawa a tsakar cibiya, ko waƙa babu.

Goggo, ke ce kika zauna a rana da makulli a jaka, kika yarda a ga gazawarki don kada a karya zuciyar mutum ɗaya. Ke ce uwar waɗanda aka daina kiran sunansu a gida. Tallafi ya sayo kekuna, amma masu hawa kekunan ke kika ɗaga su, kuma muna alfahari da ke.

A wajen sallama, Goggo ta zuge jakarta ta ciro makullin ajiyar, ta miƙa wa Dogo, wanda yanzu shi ke koyar da yankan yadi. Makullin yana ta sheƙi kamar ranar da aka yanko shi, don bai taɓa shiga kwaɗon ba. Ta ce, "Wannan riƙewa ake yi, ba a buɗewa da shi." Dogo ya karɓa da hannu biyu.

Mun gode, Goggo. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Mu kuma da muke da shago ko ofis ko ƙungiya, mu duba wanda muke kulle wa ƙofa, mu gwada miƙa masa makullin. Na cibiyar dai yana hannun wata baiwar Allah da ta zo shekaranjiya, kuma da safen nan Dogo na gani a benci yana jiranta.