Tankin Amoniya na Kawu

Da kawuna ya bar aikin soja ya dawo Zuru, sana'ar ƙanƙara ya kama. Ya sayo tsohon inji daga Kudu, irin mai aiki da iskar amoniya, ya kafa shi a wani ɗakin kwano bayan gidansa. A lokacin zafi, masu zoɓo da masu kifi tun daga Bena suke zuwa layi a ƙofarsa. Ni a gidan rediyo nake aiki, nakan zo hutu in sauka a wurinsa.

A wani zuwan na tarar injin a tsaye. Tankin ƙarfen da iskar ke taruwa a ciki ya fara yoyo a wurin ɗinkinsa, wari mai soya hanci ya cika ɗakin. Kawu ya sa aka zuƙe iskar, aka kwance tankin, muka ɗora shi a kura zuwa wurin mai walda na bakin kasuwa. Shi ke yi wa rabin garin ƙofofi da gadaje, kuma aikinsa ba ya ɓallewa.

"Saje, yau kuma bam ka kawo mini?" in ji mai walda.

"Da bam ne, da a gidan surukinka zan ajiye shi," in ji Kawu. "Yi sauri, masu kifi sun kusa cinye ni."

Mai walda ya goge wurin, ya bi tsagar da wuta, ɗinkin ya fito sumul. Yana ajiye sandar walda ya ɗauki bokiti ya sheƙa wa wurin ruwa. Ƙarfen ya yi ƙara, tururi ya tashi. Haka ake yi a kowace rumfar walda da na sani, don mai kaya ya samu ya ɗauki abinsa ya tafi. Muka mayar da tankin, aka cika shi, injin ya tashi.

Bayan 'yan makonni na sake zuwa, gab da Ista. Ina zaune a wani shago a cikin gari da rana tsaka sai 'yar Kawu ta kira ni. Taubashiyata ce, injiniya a wani kamfanin takin zamani a Kudu.

"Ɗan rediyo, har yanzu surutu kake sayarwa?"

"Shi ke ciyar da ni. Ke kuma ubanki ya kusa zama attajiri, tunda muka gyara masa tanki."

"Wane tanki?"

Na ba ta labari dalla-dalla, har da bokitin. Da ta sake magana, wasa ya fita daga muryarta.

"Ruwa ya zuba? A kan waldar tankin amoniya? An gasa shi bayan nan?"

Ban san ana gasa tanki ba. Cikin sauri ta ce walda tana barin ƙarfe a ɗaure, gefe ya yi zafi ya buɗe, gefe yana sanyi yana riƙe shi. Ruwan sanyi kuma yana sa wurin ya yi tauri, ya zama mai saurin tsagewa. A wurin aikinsu, tankin da zai ɗauki irin wannan iska sai an sa shi a tanda, a ɗaga zafin a hankali zuwa wajen digiri ɗari shida, a bar shi ya jima, sannan ya huce a hankali. In ba a yi ba, amoniya tana bin wurin da ke ɗaure tana tsaga shi daga ciki, ido ba ya gani.

"Baba ba ya ɗaukar waya in inji na aiki," ta ce. "Tashi ka je. Ka kashe injin, ka fitar da kowa. Kada ka tsaya gardama da shi."

Na tari ɗan kabu-kabu. Muna shan kwanar layin Kawu warin ya tare mu, mai babur ya taka birki ya ce ba zai ƙara gaba ba. Wani farin hayaƙi yana fitowa daga ɗakin kwanon, yana bin ƙasa. Kaji sun zube a tsakar gida. Mata suna gudu da mayafi a hanci, suna tari. Na ga Kawu ya fito da rarrafe, hannu ɗaya a kan fuskarsa. Ashe da tankin ya tsage, kowa ya yi waje, shi kuwa ya koma ciki don ya rufe famfon iskar.

Na riƙe numfashi na jawo shi zuwa bakin rijiyar maƙwabta. Wayar ba ta katse ba, 'yarsa tana ihu: "Ruwa a idonsa, kada ku daina!" Masu zoɓo biyu suka yi ta ja da guga, ni ina buɗe masa fatar ido da yatsu. Mutumin da ya yi yaƙi bai taɓa ba mu labarin tsoro ba, ran nan yana ta cewa, "Ɗana, ba na gani. Ba na ganin komai."

Na karanta labaran haɗari da yawa a rediyo, murya ba ta rawa. A motar da muka tara na kasa haɗa jimla guda in gaya wa direba inda za mu.

Mai walda ya zo asibiti washegari, ya tsuguna a bakin gado, ya kasa ɗaga kai. Ya ce tun yana koyon aiki haka ya ga ana yi. Kawu, fuska a naɗe, ya lalubo kafaɗarsa ya dafa.

Ranar da aka kwance bandejin, 'yarsa ta riga ta iso. Likita ya ce idon hagu ya tafi. Ya rufe shi da tafin hannu, ya ce Kawu ya buɗe na dama. Kawu ya daɗe yana ƙifta shi, hawaye na zuba. Sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Ke ce da jan kallabi?"

"Ni ce, Baba."

"Ina ganin jan," ya ce. "Fuskar ce ban samu ba tukuna. Matso kusa."