Tabarau mai magana da Baffa ya kawo wa Iya

Ni dai ina zaman zamana a teburin mai shayi a Rano aka kira ni, wai tunda ni ne sarkin latse-latsen waya, in zo Saji in koya wa kakata Iya tabarau mai magana. Idonta ne ya mutu, ta aika wa ɗanta Baffa Sani ya zo ya ɗauke ta su koma Kano. Shi kuma sai ya zo da tabarau. Ka tambaye shi, ya gaya maka abin da ke gabanka.

Wannan tsohuwar fa ita ta raine mu da tatsuniya. Bayan isha'i ta tura kara a murhu, mu zagaye ta, ta ce, "Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya tashi kafin in gasa shi." Iya ba ta san tatsuniya mai daɗin ƙarshe ba. Akwai ta makauniyar da 'ya'yanta suka gaji da yi mata jagora, suka ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗaki har rijiya, da ƙulli a inda za ta tsaya. Kullum ta bi ta ɗebo ruwa, su kuma suna yabon dabararsu. Ran nan akuya ta cinye ƙullin.

"Sai me, Iya?"

"Sai suka yi ta shan ruwansu. Da ya fara wari suka tuna da ita. Ku je ku kwanta."

Mu dariya muke yi, muna tsine wa akuya. Sai da na girma na gane ba akuyar Iya take zagi ba.

Ranar kasuwa na kai ta Rano, tabarau a fuska kamar ɗan acaɓa. Ya gane albasa, ya gane manja, har tumatir ya san ruɓaɓɓe. Da aka zo kan daddawa sai ya yi ta kame-kame. Iya ta ce min, "Angona, wannan ɗan birni ne, bai taɓa shan kuka ba." Amma duk ramin da muka zo, hannuna take damƙa.

Muka dawo, Baffa har ya juya mota.

"Kin gani ko, Iya? Yanzu ba kya bukatar kowa. Kano hayaniya ce, ɗakunan ma duk sun cika."

Ta sa na ƙure murya, ta ce, "Kai tabarau, wa ke gabana?"

Ya ce, "Wani mutum ne riƙe da makullin mota, yana duba agogo."

Baffa ya hau bayani, wai ai ba a nuna masa hotonsa ba ne, wai laifina ne ban saita ba.

Iya ta zare tabarau ta miƙa masa. "Bar yaro, Sani. Ni ma da idona abin da zan ce ke nan."