Ƙuri'ar ƙwallon dabino kan harajin giyar leda

A shekarun da na yi ina sakataren ƙungiyar 'yan garinmu a Jidda, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Juma'a bayan Hajji. Majalisar jiharmu a gida za ta saurari jama'a kan ƙudurin ƙara haraji a kan giyar leda, wadda 'yan acaba ke sha kamar ruwa saboda arha. Ƙanena Sabi'u ita ta cinye masa hanta. Na ƙudurta sai wasiƙar goyon bayanmu ta isa majalisar kafin Litinin.

Dokar ƙungiya ita ce ba a fitar da wasiƙa sai mafi yawan mambobi sun amince. Sai na yi wauta irin ta mai son aikin ofis. Na zo taronmu na unguwar Sharafiyya da rajista, na ja layin suna da na lambar waya. Kafin a gama addu'ar buɗewa, rabin ɗakin ya fita alwala bai dawo ba.

Shugabanmu Alhaji Mudi ya ja ni gefe. "Sakatare, mutumin da ba shi da iƙama, takardar izinin zama, za ka ce ya rubuta sunansa? Gani yake jawazat, 'yan shige da fice, za ka kai wa. Shi ke nan, a bar maganar."

"Ranka ya daɗe, rajistar za a bari, ba maganar ba."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya a bakin masallaci na dawo da su. Aka raba dabino, kowa ya ci ya riƙe ƙwallo. Na ajiye kwano biyu a bayan labule, fari na masu goyon baya, ja na masu ƙi.

Malam Isa, wanda ke mana limanci, ya miƙe. "Karɓar haraji a kan haram halatta ta ne. Hanawa ake yi, ba ciniki ba."

Raina ya ɓaci, amma na danne. "Gafarta Malam, ba Musulmi kaɗai ne a jiharmu ba, hanawa ba za ta wuce majalisa ba. Tsada kuwa za ta wuce. Da ta yi tsada, wataƙila da Sabi'u yana raye."

Bayan kowa ya shiga ya jefa ƙwallonsa, Malam Isa na roƙa ya ƙirga, don kada a ce na yi maguɗi. Farin kwano ya ci da ratar ƙwallo uku.

Saura wanda zai sa hannu tare da ni, domin majalisa ba ta karɓar wasiƙar mutum ɗaya. Alhaji Mudi ya duƙufa gyaran agogonsa. Malam Isa ya miƙo hannu ya karɓi biron.

"Har gobe ban yarda ba," ya ce. "Amma ni na ƙirga, ba zan ɓoye shaida ba."

Ku da za ku gaji kujerar nan, ku sani mutanenmu ba ra'ayi suka rasa ba, takarda suke tsoro. Kuma wanda ya ja da kai a fili ya fi wanda ya yi shiru amfani ranar sa hannu.