Baban Birsen a Gaban Kyamara

A birnin Duisburg na ƙasar Jamus aka haifi Birsen, shekara biyar bayan babanta Veli ya baro ƙauyensu a Turkiyya ya kama aiki a masana'antar ƙarfe. Uwarta masaƙa take zuwa, ba ta dawowa sai yamma liƙis. Veli kuwa da azahar yake tashi, don haka tukunya ta koma hannunsa. Shi ke tufke wa Birsen gashi, shi ke naɗe shinkafa da nama a ganyen inabi, siri-siri kamar yatsa. Amma kafin ya kunna wuta sai ya leƙa titi ya saki labule, kada abokansa na shagon shayi su hango shi.

Da Birsen ta girma ta sami aiki a kantin magani, sai dai zuciyarta tana wajen fim. Ana kiranta kuwa, amma kullum rawar ɗaya ce: Baturkiya mai hawaye, uba ya kulle ta, yayanta na farautarta. Ta san akwai irin gidajen nan, wata ƙawarta ma daga irinsu ta fito. To nata gidan fa? Sau shida tana gudu daga gida a fim. A na bakwai ta dubi daraktan, wani Bajamushe, ta ce, "Uban nan ba zai yi dariya ko sau ɗaya ba?"

Ya ce, "Masu kallo ba za su yarda ba."

Ta kwance kallabin da suka ɗaura mata, ta miƙa masa, ta tafi gida ta zauna rubuta nata.

Fim ne na rabin awa, kan uba mai girki a ɓoye. Abokai suka ara mata kyamara, aka mai da kicin ɗinsu wurin ɗauka. Ɗan wasan da ta samo ya iya magana, amma ganyen inabi ya gagare shi. Veli na tsaye bakin ƙofa yana cije leɓe, har haƙurinsa ya ƙare.

"Kai yaro, matashin kai kake naɗawa ko abinci? Matsa!"

Ya naɗe hannun riga, yatsunsa suka kama aiki, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Birsen ta ƙifta wa mai kyamara ido. Da ta kalli abin da aka ɗauka, tsalle ta yi ta rungume shi.

"Baba, ai kai ne! Kai nake nema!"

"'Yata, so kike abokina Hüsnü ya kashe ni da dariya a shagon shayi?"

Uwarta ta ajiye kofi ta ce, "Shekara talatin ina karɓar yabon girkin da ba ni na yi ba. Na gaji, Veli. Yi mata."

Ranar Lahadi da la'asar aka nuna fim ɗin a ƙaramin siliman unguwa. Wuri ya cika maƙil, har da masu tsayuwa. Veli na bayyana a cikin fim ɗin da cokali a hannu, Hüsnü ya ɗaga murya daga baya: "Sannu da aiki, amarya!"

Maza suka kwashe da dariya. Birsen ta ga babanta ya sunkuyar da kai. Sai ga muryar matar Hüsnü, rau a cikin duhu: "Rufe mana baki! Wa ke guga a gidanmu?"

Ai kuwa silima ta kaure. Wata ta ce nata mijin ya fi ta iya miya, wata ta ce nata ke yi wa jikoki wanka. Mata na tafi, maza na noƙewa cikin kujeru, har sai da aka tsayar da fim aka sake farowa. Birsen dariya take, hawaye na zuba, ta damƙe hannun babanta. Da aka kunna fitilu Veli ya miƙe, ya gyara hula, ya rusuna wa jama'a sau uku.

Garuruwa huɗu fim ɗin ya zaga, bai ci kyauta ba. Birsen tana nan a kantin magani, tana rubuta na biyu tsakanin masu saye. Kwanan baya Hüsnü ya shigo neman maganin tari, ya daɗe yana juya kwalbar, sannan ya ce, "'Yata, in akwai rawar dattijo mai kwarjini, ina nan fa."