Motar da Baba ya zaɓa da lalube

"Ba wannan ba," in ji Baba, tun ban gama yabon fentinta ba.

Jiya ne, a wani gareji wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Na gama karɓar horo a kamfanin dakon kaya, aka ce in zaɓi ɗaya cikin tsofaffin manyan motoci uku in ɗauka haya. Wadda duk na ɗauka, da ita zan ci da gida shekara biyu. Ni kuwa raina na kan mai sabon fenti.

Baba ya shekara talatin yana tuƙi kafin idanunsa su mutu. Shi ya nace sai na riƙo hannunsa tun daga unguwarmu Soron Ɗinki.

Na taimaka masa ya hau wata koɗaɗɗiya da ko kallo ba ta ishe ni ba. Ya taka birki, ya jijjiga giya, sai hannunsa ya tsaya a bayan kujera.

"Mene ne wannan?"

"Waya ce, Baba. An lanƙwasa ta an yi wa buta mazauni."

Ya yi murmushi. "Direban da ya damu kada butarsa ta kife, ba zai bar inji ba mai ba. Ɗauki wannan."

Bakanike ya duba, ya ce injinta ya fi na sauran lafiya.

Na miƙa hannu in sauko da shi, sai ya damƙe sitiyari.

"Tayar da ita, ka ɗan bar ni tukuna."

Na tayar, na koma gefe ina share hawaye.

Ku fa, wa ya taɓa gano muku abin da idanunku biyu suka kasa gani?