Shatin Hannun Baba a Bangon Gabas

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba, kuma sai bana na iya rufe shatin hannunsa da ke jikin masallacin unguwarmu.

Masallacin nan namu na Gyaɗi-Gyaɗi ginin ƙasa ne, tubali da azara. Kakanninmu suka gina shi tun wurin duk gonaki ne, masu jakuna daga ƙauye kan tsaya su yi azahar kafin su shiga Birni. Yanzu gidajen bulo sun kewaye shi, direbobi da 'yan adaidaita ne suka fi cika shi, amma har yau in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Da Baba zai ga fankoki da solar da aka sa, na san sai ya yi mita, sannan ya nemi gindin fanka ya zauna.

Ginin ƙasa ba ya son a manta da shi, don haka duk shekara kafin damina ake yi masa yaɓe. Baba ne uban gayya. Kowane gida sai ya ba da mutum, maƙwabcinmu Malam Bitrus, malamin makaranta ɗan Filato, shi ke buɗe rijiyarsa a ɗebi ruwan kwaɓa. Baba kuwa ga baki. In ya gan ka tsaye da farar riga sai ya ce, "Alhaji, ko a kawo maka kujera ne?" Ni ya fi yi wa.

A yaɓensa na ƙarshe ya dafa bangon gabas ta waje yana hutawa, ƙasar ba ta bushe ba, yatsunsa suka fito raɗau. Bayan rasuwarsa, duk shekara in masu yaɓe suka zo wurin sai su kewaye shi. Kara suke min. Ni ma ban ce a rufe ba, don ina jin daɗin ganinsa in zan wuce. Bango ya yi ta ƙara kauri ta ko'ina, wurin hannun ya zama rami, ruwa na kwanciya a ciki. Bara sai ga tsaga ta bi har saitin inda liman ke tsayawa. Nan masu cewa a rushe a yi na bulo suka samu bakin magana.

Na kai wa mahaifiyata, Inna, kukana. Ko tausaya min ba ta yi ba.

"Kai dai ba ka san ubanka ba," in ji ta. "Shi a kan hannun wa ya shafa nasa? Ba na kakanka ba? Da yana nan, da ya ce a kawo muku kujeru gaba ɗaya."

Ranar yaɓen bana na tuɓe farar rigar. Malam Bitrus, da tsufansa, shi ya miƙo min kwanon ƙasa. Na fara sa tafina a cikin shatin, ashe hannun Baba ya fi nawa girma. Hawaye ya zo min, ban ɓoye ba. Na yi bisimilla na cike ramin, na shafe.

Damina ta zo ta wuce, bango ko gezau, maganar rushewa ta kwanta. Hannun Baba na nan a ciki, ƙarƙashin nawa, inda ruwa ba ya kai masa. Allah ya jiƙansa.