Turanci a Bakin Turmi

A shekarar da aka sami mulkin kai ina aji huɗu a makarantar firamare ta Bagudo. Mu 'yan matan ajin ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Malaminmu na Turanci dogon mutum ne daga wajen Zagga, mai sanyin murya, bai cika ɗaukar bulala ba. Shi ya koya mana cewa idan aiki ya riga ya wuce, sai a liƙa wa kalmar "ed" a wutsiya: walk ya koma walked, jump ya koma jumped. Dokar ta yi mini daɗi, don tun ina ƙarama ina son abu mai ƙa'ida. Saboda haka ranar da ya ce in tashi in faɗi inda na je jiya, na miƙe ba ko shakka na ce, "I goed to the river."

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Doka kam kin kama ta. Sai dai akwai waɗanda ba su bin ta." Ya juya ya ja layi uku a allo, ya rubuta go, went, gone, ya bi su da eat, ate, eaten, bai tsaya ba sai da allo ya cika. Ya ce mu kwafe mu haddace, don za su fito a jarrabawar da ake zaɓen masu wucewa makarantar gaba a Birnin Kabi.

Na koma gida raina a ɓace. Na tarar da Inna a tsakar gida tana surfen gero. Na yar da littafin a kan tabarma na ce ni na gama da Turanci, harshe ne na marasa alkawari, yau a ba ka doka gobe a karya ta.

Inna Badandiya ce, daga wani ƙauye a bakin kogin Kwara ta ɓangaren Dahome, ƙasar da ake kira Benin yanzu. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ta jingine taɓarya ta ce in yi mata bayani. Da na gama sai ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗiyata, wannan ne ya ɓata miki rai? Sa'ad da aka kawo ni garin ga, gaisuwa kaɗai na iya da Hausa. Na ji ana cewa gida, gidaje. Na ce to, na gane. Rannan dabbobi suka shigo suna cin hatsin da na shanya, na fito ina kururuwa, a zo a kori akuyaje da tunkiyaje! Matan unguwa suka yi wata guda suna kirana Akuyaje."

Ban taɓa jin wannan labari ba. Hausar Inna a kunnena ba ta da maraba da ta kowa.

Ta ce, "A Dandanci abu kaɗan ake ƙarawa a ƙarshen kalma ta zama da yawa. Ku ko? Akuya, awaki. Tunkiya, tumaki. Sa, shanu. Faɗa mini, mi ya haɗa sa da shanu?"

Ni kam ban taɓa lura ba.

"To yaya kika koya?" na tambaye ta.

"Kamar yadda ake sanin mutanen gari. Kullum ka gaishe su, har ka san kowa da halinsa. Ɗauko taɓarya."

Daga ranar, duk la'asar muna bakin turmi. In buga in ce go, ta buga ta ce went, in sake bugawa in ce gone. Idan hannu ya faɗa sai ta shiga lugude, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, kalmar na fita daidai da bugun. Ba ta yarda a wuce kalma sai na gaya mata ma'anarta. Wai ba ta kiran sunan wanda ba ta san sana'arsa ba.

Cikin mako biyu ta yi abin da ni mai littafi ban hango ba. Malam ya jera mana kalmomin yadda suka zo masa, ita ko da kunne ta raba su gida-gida. Sing, ring, drink, swim, ta ce 'yan ɗaki ɗaya ne, ka san tafiyar ɗaya ka san ta sauran. Buy, bring, catch, teach, think, sunayensu daban amma duk ƙofa ɗaya suke fita, bought, brought, caught. Cut da put da shut kuwa ragwaye ta sa musu, don jiya da yau duk riga ɗaya suke sawa. Wata rana na buga na ce bring, brang, brung. Ta tsayar da taɓarya a sama.

"A'a. Kin kai shi gidan da ba nasu ba. Kama da wane ba wane ba ce. Ɗan gidan su buy ne."

Na duba littafi, na ga gaskiyarta.

Bayan girbi ta ɗauke ni zuwa kasuwar Dole Kaina. Can take haɗuwa da 'yan'uwanta masu ƙetarowa daga Dahome, ta kai musu daddawar da take yi, su kuma su zo mata da gishiri da labarin gida. A shekarar su ma Faransawa sun sauka, kowa a kwalekwale zancen sababbin tutoci yake yi. Inna ta ce ita dai kogin bai sauya ba.

Da muka sauka, wani sabon ma'aikacin kwastan ya tare mu. Mutumin kudu ne, ga alama bai daɗe da zuwa ba, ba ya jin Hausa balle Dandanci. Cikin ladabi ya nuna ƙwaryar daddawa ya yi tambaya. Da ya ga kayan makaranta a jikina sai ya maimaita a hankali, yana kallona. So yake ya san ko daga ƙetare aka sayo ta. Na gane tambayar sarai, amma harshena ya ƙi motsi. Ban taɓa yin Turanci da wanda ba Malam ba. 

Inna ta tsinci buy a cikin maganarsa. Ta dafa ƙwaryar ta ce, "Bought, a'a." Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Made." Sannan ta miƙa hannu gabas ta ce, "Brought. Bagudo."

Mutumin ya yi sororo, ya dube ta tun daga ɗankwali har ƙafa. Sai ya fashe da dariyar jin daɗi, ya cire hularsa ya ɗan rusuna, ya ba mu hanya. Inna ta ɗora ƙwarya a ka ta wuce kamar ba abin da ya faru. Sai da muka yi nisa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Kin san amsar, na gani a idonki. Tsoron dariya ne ya kama ki. Ni an riga an yi mini tawa, ban mutu ba."

A aji kuwa Malam ya lura na daina tuntuɓe, har ina gyara wa na kusa da ni. Ya kuma lura ina buga ƙafa a ƙasa idan ina karantowa. Ya tambaye ni wa ke yi mini bita a gida. Da na ce Inna, ya ɗauka wasa nake yi. Ranar Juma'a bayan an sauko ya zo gidanmu. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, Inna ta tsaya daga ciki, bayan asabari. Bayan gaisuwa Malam ya ce, cikin jin nauyi, "Fly." Daga bayan asabari aka ce, "Flew, flown." Ya ce, "Teach." Aka ce, "Taught, taught." Ya jefa kusan ashirin, guda ɗaya ta kuskure, ita ma ta gyara kafin ya buɗe baki. Baba sai shafa gemu yake yi yana kallon ƙasa.

Malam ya roƙi ta ba shi izini ya koyar da rabe-rabenta a aji. Ta ce, "Allah gafarta Malam, na ba ka, amma ina da tambaya. Mi ya sa went bai yi kama da go ba ko kaɗan?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

Bayan ya tafi ta ce mini in riƙe malamin nan da kyau, mai cewa bai sani ba a gaban mace ba zai koya mini ƙarya ba. Ran Litinin ya goge jerinsa ya rubuta nata, har da gidan ragwaye, yara suna ta dariya suna kwafa.

Na ci jarrabawar, na tafi Birnin Kabi. Da na dawo hutun farko, ko akwatina ban buɗe ba ta miƙo mini taɓarya ta ce in ba ta abin da na samo. Na ce mun yi yadda ake faɗin abin da za a yi gobe: will go, will eat, will bring. Ta jira in ci gaba. Na ce shi ke nan, duka haka suke.

Ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai aikin yara ne." Ta zuba wani geron a turmi, ta ce in ba ta labarin abincin makaranta.